Daɓen da Ba Ya Kayar da Mutum

Zuwa ga autata Rukayya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa ga 'yarta. Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a hanyar Abuja da za ki kama, Ya sa zamanki da mijinki Nasiru ya zama na alheri da rufin asiri.

Na sa takardar a akwatinki ne don na lura duk lokacin da muka zauna kan maganar sabon gidan nan na Rikkos, ke ki ɗaga murya, ni in ɗaga, mu tashi ba wadda ta ji wata. Kada ki ɗauka haƙuri na rubuto in ba ki. Abin da na faɗa ranar Asabar a gaban mai sa tayil, har yanzu ina kansa, kuma da za a maimaita ranar da na ƙara da wani. Kin nuna min hotuna a waya, farin tayil mai sheƙi kamar madubi, kika ce shi za a shimfiɗa a ɗakunan hayar da na mallaka miki. Na ce a'a. Nasiru ya yi dariya ya ce tsohon gidana da daɓensa na tarazo kamar barandar asibitin gwamnati yake, ke ma kika taya shi. Ban ji haushinsa ba, yaro ne mai ladabi, bai san abin da ya sa ba ne. Ke ma ba ki sani ba, don kina goye aka fara, kina firamare aka gama. To yau za ki ji.

Da babanku ya rasu, abin da ya bar mana shi ne filin Rikkos, inda tsohon gidan yake yanzu, da ɗakunan da aka kai linta ba a rufa ba. Ni kuwa ina sayar da tuwo da farfesu a bakin mayankar Abattoir, mahauta da masu dakon nama su ne masu cin abincina. Ba a yi sadakar arba'in ba Baffanku Sani, ƙanin babanku, ya zo ya zauna a tabarmata ya ce, "Yaya, gini ba aikin mace ba ne. Magina za su cinye ki. A sayar, a raba wa yara, ki huta."

Na ce, "Sani, wa ya ce maka na gaji?"

Ya ce, "Za ki gaji."

Wannan kalmar ce ta ja ni ga kuskurena na farko. Na ƙudurta sai na nuna masa gidan a gama kafin damina, don haka na yi gaggawa inda bai kamata ba. Na sa aka yi rufi mai kyau, aka yi fenti, aka sa ƙofofin ƙarfe, duk abin da ido zai gani daga titi. Da aka zo daɓe kuwa sai na ce a yi da abin da ya rage. Ba a cika ƙasa an dandaƙe ta ba, ba a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin kankare don tare danshi ba, siminti kaɗan, yashi da yawa. Aka shafe sama ya yi sumul, na tsaya ina kallo ina jin daɗi.

Kin san ruwan Jos. Idan ya sauko ba ya tambayar kowa, ga ƙanƙara, ga ruwan da ke gangarowa daga kan duwatsu ya kwanta a ƙarƙashin gidaje. Damina ɗaya daɓen nan ya fara gari. Mace za ta share ɗaki da safe, ta kwashe ƙasa, da yamma ta sake kwashewa. Inda ƙafar gado ta zauna ya zama rami. Maimakon in fasa in sake, sai na tafi kasuwa na sayo ledar ɗaki mai zanen furanni na rufe abin.

A ɗakin ƙarshe akwai Malam Idi, mahauci ne, da matarsa da jaririnsu. Tari ya kama yaron nan ya ƙi saki. Suka yi ta zuwa kemis, suka je asibiti, a samu sauƙi, a dawo gida, tari ya dawo. Wata ranar Juma'a da hantsi Malam Idi ya tarar da ni a tsakar gidan ya ce, "Hajiya, zo ki gani." Ya kama gefen ledar ya ɗaga. Rukayya, warin da ya bugi hancina har yau ina jin sa. Ƙasan ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe sharkaf, ga wasu fararen abubuwa sun tsiro, kuma a kan wannan ake shimfiɗa wa jariri katifa. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Mu dai za mu tashi." Suka tashi a satin, kuma daga ranar bai ƙara cin tuwona ba, ko da yake kullum ta gaban rumfata yake wucewa.

Ga abin da nake so ki riƙe daga wannan. Daɓe daga ƙasa ake fara shi, daga inda ba wanda zai gani. A cika, a dandaƙe, a shimfiɗa leda, a zuba kankare mai ƙarfi, a bar shi ya sha ruwa ya bushe a kan lokacinsa. Ranar da za a zuba, ki kasance a tsaye a wurin da ƙafarki, ko ki sa wanda zai tsaya kamar ke. Kuma duk abin da ya lalace a ɗakin haya, kada ki rufe shi da abu mai kyau. Ledar ɗaki ba ta gyara komai. Bayan haka ma, a garin nan da sanyi ke sa mutane shiga ɗaki da murhun gawayi, wace leda ce za ta kai shekara?

Na fasa daɓen duka na sake, wannan karon yadda ya kamata. Sai kuma girman kai ya kama ni. Akwai wani tsohon gidan Turawan ma'adinai da nake kai abinci idan ana taro a can, ƙasan falonsa katako ne, ɗumi, ba sanyin ƙafa. Na ce ai ni ma ɗakunana biyu na gaba haka za su zama, ma'aikatan gwamnati su yi ta rububi. Na tafi kasuwar Katako na zaɓo katakon da ya fi sauƙi, ban tambaya ko ya bushe ba, ban sa an shafa masa maganin gara ba. Da farko abin gwanin sha'awa. Da aka jima katakon ya fara lanƙwashewa, yana kuka idan an taka. Malamin makarantar da ke ciki ya ce min da dariya, "Hajiya, ɗakin nan ba ya ɓoye sirri, ko fitsari na tashi sai maƙwabta sun sani." Ƙarshe ƙafar kujerarsa ta burma, muka ɗaga, gara ta cinye cikin ta bar fatar sama. Ita kuma matar ɗaya ɗakin a kai take ajiye jarkokin ruwa, wurin ya ruɓe.

Wannan dai asara ce kawai da abin dariya, ba wanda ya ji ciwo. Amma na koyi cewa abin da ya dace da gidan mutum ɗaya mai masu aiki bai dace da gidan haya ba. Ɗan haya ba mugu ba ne, rayuwa yake yi. Zai ja tukunyar gas, zai ja gado, matarsa za ta yi daka a turmi idan ana ruwa a waje, yara za su zubar da koko, manja zai ɗiga, janareto zai zubar da baƙin mai. Kada ki zaɓi daɓen da sai kin kafa wa mutane dokoki kafin ya rayu. Duk daɓen da ke buƙatar a lallaɓa shi, ki bar shi a shago.

Yanzu ga wanda ya sa na daka miki tsawa ranar Asabar.

Lokacin da tayil ya fara yawa a gari, kowa na sawa, sai na ji kunyar daɓen simintina. Baffanku ya zo ya leƙa ya ce, "Yaya, gidan nan naki ya tsufa tun bai tsufa ba." Na ce to bari ka gani. Na sa farin tayil mai sheƙi, irin wanda kika nuna min sak, a ɗakuna, a baranda, har bakin banɗaki. Mutanen layi suka riƙa shigowa kallo. Na yi ta yawo a kai ina jin ni ma na isa.

Kin san Iya Bose, Bayarabiyar da ke ɗaki na biyu, wadda take ba ki cincin idan ta dawo daga coci. Ke da sanda kika san ta. Ni na san ta tana ɗaukar dilar atamfa a ka daga bakin titi har ɗaki ba ta tsaya ba. Tana da shago a kasuwa, ita ke ciyar da 'ya'yanta, mijinta ya daɗe da rasuwa kamar nawa. Wata safiya an kwana ana ruwa, iska ta watso shi baranda. Ta fito da silifa za ta tafi shago, jaka a hannu. Ina tsakar gida na zo duba wata ƙofa. A gabana ƙafarta ta zame, ta tashi sama, ta faɗo a kan ƙugunta. Ƙarar da na ji ba ta tayil ba ce.

Na ruga na tallafe ta. Tana cewa, "Hajiya, kar ka taɓa ni, kar ka taɓa ni, ƙafa na ya tafi." Muka samo mota aka kai ta asibiti. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Ta yi watanni a kwance, aka yi mata aiki, kuma ƙafar ba ta koma daidai ba har yau. Shagon da ta gina da ƙarfinta sai 'yarta ce ta bar karatu ta zauna a ciki.

Ina zuwa duba ta da abinci. Wata rana na dawo daga asibitin na tarar da Baffanku a ƙofar gida da wani dillali. Ya ce, "Yaya, yanzu dai kin gani. Yau ƙafa ce, gobe rai ne. Danginta za su kai ki kotu. Ga mai saye na kawo, a rabu da gidan nan tun ana mutunci."

Na ce, "Sani, gidan ne ya kayar da ita ko abin da na shimfiɗa?"

Ya ce, "Duk ɗaya ne."

Na ce, "Ba ɗaya ba ne. Tsaya ka gani."

Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko guduma, na ɗaure zanina, na durƙusa a barandar nan a gabansa da dillalinsa na fara fasa tayil ɗin. Ɓaraguzai suna tashi, ɗaya ya yanke ni a hannu, tabon yana nan kin sha gani. Matan gida suka fito suna cewa Hajiya lafiya, Hajiya a bari a kira ma'aikata. Ban ɗago ba sai da na kai bakin ƙofar Iya Bose. Da na waiwaya, dillalin ya tafi. Baffanku ya ce, "Wallahi ke ba ki da lafiya." Na ce, "Na ji. Gidan dai ba na sayarwa ba ne." Daga ranar bai ƙara kawo min maganar ba.

Da aka sallami Iya Bose na je na ce mata idan tana so ta tashi ba zan ga laifinta ba, zan nemo mata wani wuri da kaina. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, ina zan je? An ce kin fasa abin da hannunki. Ni ina nan. Amma wannan karo ni zan fara taka shi kafin ka sa." Haka aka yi. Na kawo samfura, ta zauna a kujera, ta zuba ruwa a kan kowanne, ta goga tafin ƙafarta mai lafiya. A baranda da tsakar gida muka tsaya kan tarazo, wanda ake haɗa tsakuwa da siminti a goge, na ce kada a goge shi har ya yi santsi. A ɗakuna da banɗaki na sa tayil mai kaushi, mai kauri, launin ƙasa-ƙasa.

An yi min dariya, ba kaɗan ba. Aka ce na koma zamanin da. Wata mata ta zo neman ɗaki ta taɓe baki ta ce ita ba za ta kawo ƙawayenta nan ba. Na ce Allah Ya ba ki inda ya fi. Tun daga lokacin nan mutane nawa suka shiga gidan suka fita, da Hausawa, da Yarabawa, da 'yan Filato, da Fulanin da ke harkar shanu, masu yara da gwauraye. An ja kaya a kansa, an yi daka, an yi suna, an yi zaman makoki. Idan mutum ya tashi, omo da burushi kawai nake sawa, washegari wani ya shiga. Gidajen layinmu da suka sa mai sheƙi tare da ni, je ki leƙa, za ki ga faci iri-iri kamar rigar mahaukaci, wani ya tsage, wani ya ɓamɓare. Nawa yana nan. Kuma ba wanda ya ƙara faɗuwa a gidana. Don haka a kira shi asibiti, a kira shi tasha, ni ko a jikina.

Ban ce dole ki yi tarazo ba. Na san masu yin sa da kyau sun yi ƙaranci, kuma zamani ya kawo tayil masu ƙarfi da babu su a lokacina. Gidan naki ne, na ba ki, ba zan karɓe ba. Amma idan tayil za ki sa, ki je shagon da kanki. Ki juya bayansa ki ɗiga ruwa. Idan ya shanye nan take, ki ajiye, zai sha danshi ya tsage. Ki karce fuskarsa da makulli, idan ya yi zane ki bar shi. Ki ajiye shi a ƙasa, ki fasa ledar ruwa a kai, ki taka da silifa. Yaran shago za su yi miki dariya, ni ma sun yi min, wani har ya ce, "Hajiya, wanka za ki yi mana a nan?" Na ce idan ta kama. Wanda zai ji kunyar gwada kaya a gaban mai sayarwa bai shirya riƙe gidan haya ba.

Kada ki ɗauki fari, kada ki ɗauki baƙi, dukansu suna tona datti, jar ƙasar garin nan kuwa ba ta barin fari ya zauna fari. Kada ki ɗauki manya-manyan nan masu faɗi, ɗaya ya fashe rabin ɗaki ya tafi. Ki sa iri ɗaya a duk ɗakunan, ki sayi ƙari ki kulle a ɗakin ajiya, don ranar da za ki nemi irinsa a kasuwa za a ce miki an daina kawowa. Idan an gama sawa, ki bi kowane ɗaya ki ƙwanƙwasa da gindin cokali. Wanda ya yi ƙara kamar ganga babu siminti a ƙarƙashinsa, a cire a sake a gabanki. Banɗaki kuma ki zuba bokitin ruwa ki tsaya ki ga inda ya nufa. Idan ya kwanta a tsakiya ko ya nufo ƙofa, aikin bai ƙare ba, komai rantsuwar mai aikin.

Za a ce miki mai sheƙi ya fi kawo 'yan haya da sauri, ya fi kyau a hoto. Gaskiya ne, ya fi kyau a hoto. Dillali hoto yake sayarwa, ya karɓi nasa ya tafi. Ke ce za a kira idan abu ya faru, sunanki ne a kan gidan. Kuma kina Abuja, ba za ki riƙa zuwa gyara duk wata ba, saboda haka ke kin fi ni buƙatar abin da zai zauna ba a taɓa shi ba.

Maganar Nasiru kuma. Ki girmama mijinki, ki nemi shawararsa, ki saurare shi har ya gama. Amma kada ki miƙa masa gidan nan don kawai a ce kina da biyayya, kada kuma ki miƙa wa yayyenki maza don sun fi ki murya. Idan kin yarda da abu bayan kin gwada, ki tsaya a kai ko da kowa na dariya. Idan kuma kin gano kin yi kuskure, kada ki tsaya kare kanki, ki ɗauko guduma. Har ni nan, idan kika zo min da hujjar da ta fi tawa, ki ja da ni, zan fi jin daɗin haka da ki ce min "to Mama" ki juya ki yi abin da waya ta nuna miki.

Na sallami mai tayil ɗin, na ce kada ya sauke ko kwali ɗaya sai kin dawo hutun sallah kin zaɓa da kanki. Ya kira ni ya fi a ƙirga, ban ɗauka ba. Makullin gidan yana hannuna.

Abu na ƙarshe, wanda ban taɓa faɗa wa kowa cikinku ba. Gwiwoyina sun fara ba ni wahala, hawa matakalar gidan da nake ciki yanzu sai na huta a tsakiya. Na sa ido a kan ɗakin farko na sabon gidan naki, wanda tagarsa ke kallon gabas, rana na shigarsa da safe. Idan Allah Ya ja kwana, nan nake so in ƙare, in za ki ba ni haya. To duk abin da za ki shimfiɗa, ki tuna wata rana tsohuwar da ta haife ki za ta fito daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ba kowa a kusa, ta taka shi. Ki zaɓa da wannan a ranki.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya kare ku daga sharrin hanya da na mutane. Allah Ya tsare ƙafarki daga zamewa, a gida da waje, Ya ba ki zuri'a mai albarka, Ya sa duk wanda ya kwana a ƙarƙashin rufinki ya tashi lafiya. Ki gaishe min da Nasiru, ki ce masa ina jiran sa ya zo ya ci tuwo a barandata. Idan kun sauka ki kira ni.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajiya Asabe
Rikkos, Jos